Zafin Batirin MiFi: Gargaɗin Da Bai Kamata A Raina Ba

Daga Jabo zuwa Tambuwal har ƙauyukan Kebbe, ƙaramar na'urar raba intanet da ake kira MiFi ta zama kayan sana'a. Mai POS da ita yake tura kuɗi, musamman tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 da ya tilasta wa jama'a komawa tiransifa. Mai shagon buga takardu ma da ita yake duba wa ɗalibai sakamakon jarrabawa. Sai dai kuka ɗaya ake ji a bakin masu ita: tana zafi har hannu ya kasa riƙe ta, tana kashe kanta da tsakar rana, wani lokaci ma murfin bayanta ya ɗago saboda batir ya kumbura. Da yawa sun ɗauki wannan a matsayin halin bazara kawai. A ganina kuskure ne mai haɗari, domin mafi yawan zafin nan yana zuwa ne daga yadda muke ɗora wa na'urar aikin da ba don shi aka ƙera ta ba.

Batirin da ke cikinta na litiyom ne, irin na wayar hannu, kuma masu ƙera shi kan gargaɗi kada a yi cajinsa idan zafinsa ya haura kimanin digiri 45 a ma'aunin Salshiyos. A kudancin Sakkwato, daga Maris zuwa Mayu, iskar waje kaɗai kan wuce digiri 40, balle cikin shago mai rufin kwano. Kenan tun kafin a kunna na'urar, ta kusa cin iyakarta. Ga kuma raunin sabis: idan turken sadarwa ya yi nisa, na'urar kan ƙara ƙarfin da take aika saƙo da shi, ƙarin ƙarfin nan kuwa zafi yake zama. Sannan caji da kansa yana haifar da zafi. Duba yadda ake ajiye ta a shaguna da dama: a rataye a ƙusa jikin taga don ta kama sabis, rana na dukan ta, an naɗe ta a leda saboda ƙura, caja na maƙale tun safe, wayoyi bakwai ko takwas na jan data a lokaci guda. An tara mata duk abubuwan da ke cinye batir a wuri ɗaya.

Mai shakkar haɗarin ya dubi abin da ya faru a Amurka. A watan Afrilun 2021, kamfanin Verizon tare da hukumar kula da lafiyar kayan masarufi ta ƙasar sun janye irin waɗannan na'urori samfurin Ellipsis Jetpack kimanin miliyan 2.5, bayan rahotannin zafin batir da ya ƙona shimfiɗa da daɓen ɗaki, har ya ji wa wasu rauni. Kafin nan, a 2016, Samsung ya dakatar da wayarsa Galaxy Note 7 baki ɗaya saboda batir mai kama wuta. Idan haka ta auku a inda lantarki ke tsaye kuma ɗakuna ke da sanyi, me za a ce a shagon da ke maƙwabtaka da mai sayar da fetur a galan?

Gyaran bai fi ƙarfin kowa ba. A cire ledar, a ɗauke na'urar daga rana, a ajiye ta a inuwa mai iska a kan katako ko siminti, nesa da katifa da matashi. A nemi kusurwar da sabis ya fi ƙarfi amma rana ba ta kaiwa. A yi caji da asuba ko da dare tana kashe, a zare idan ta cika. A sa lambar sirri don rage masu hawa. Idan ta yi zafi, a kashe ta ta huce da kanta. Kada a sa ta a firji ko a jiƙa ta da ruwa, domin hakan raɓa yake tara mata a ciki. Batirin da ya kumbura kuwa ya gama aiki, domin iska ce ta taru a cikinsa sakamakon lalacewar sinadarai. Kada a danne shi, kada a huda, kada a ɗaure murfin da roba a ci gaba.

Za a ce, to, wutar ba ta samuwa sai jefi-jefi, dole a yi caji duk sa'ar da ta zo. Gaskiya ne, kuma ba a zargin talaka da rashin lantarki. Amma ana iya tara wutar a fawa-banki ko batirin sola, a ba na'urar idan gari ya yi sanyi. Wanda sana'arsa ke buƙatar intanet daga safe zuwa dare, abin da ya dace da shi ita ce rauta ta teburi da aka yi don dogon aiki. Za a kuma ce batir na asali da caja mai kyau suna da tsada. Araha dai ba ta ado: mai sayen jabun batir sau uku a shekara ya biya fiye da kuɗin na gaske, ga kasadar rasa shago da jarin mutane.

Nauyin bai tsaya kan mai amfani kaɗai ba. Kamfanonin sadarwa irin su MTN, Airtel da Glo sun san yanayin da suke sayar da waɗannan na'urori a cikinsa, don haka ya kamata gargaɗin ya fito da Hausa, a kwali da kuma rediyo, kuma a samu batirin canji na asali a Tambuwal ba sai an je Sakkwato ba. Hukumar NCC da ke tantance na'urorin sadarwa, da SON mai kula da ingancin kaya, su leƙa kasuwannin karkara inda jabun caja ke yawo. Kuma duk turken da aka ƙara a yankin Kebbe zai rage wa ɗaruruwan batira wahala. Kafin hukumomi su motsa, duk mai MiFi ya buɗe murfinta yau ya duba batirin. Idan ya kumbura, a cire shi nan take.