Uwargida, Shamuwa Ta Iso

Ga mu cikin bazara, zafi ya kai inda ya kai, kowa idonsa na gabas yana neman hadari. To kafin hadarin, akwai masu kawo labari, sai dai yanzu mun daina ɗaga kai mu dube su.

Babbar 'yar aike ita ce shamuwa, baƙar tsuntsuwar nan mai farin ciki da dogayen ƙafafu. Duk rani ba ta ƙasarmu, tana can gabashi da kudancin Afirka inda ake ruwa a lokacin. Wajen watan Afrilu zuwa Mayu sai ka wayi gari ka gan ta a kan kuka ko rimi, wani lokaci har bisa rufin gida, tana jidar ƙirare tana gyara sheƙa. A nan za ta yi ƙwai biyu ko uku, ta ƙyanƙyashe, ta yi renon 'ya'yanta da fara da tsutsotsin gona. Shi ya sa manomi ba ya jifanta, kuma iyayenmu ke tsawata wa yaron da ya ɗaga mata danƙo. Ni dai ina ganin wannan tsawatarwa ta cancanci mu ci gaba da ita.

Jangwada ma kansa kan ƙara ja a wannan lokaci. Da ruwan farko ya sauka kuwa, shinge zai cika fitila, kwaɗi su kwana suna kuka.

Amma uwargida, ba kallo kawai za ki yi ba. Zafin da ya kawo shamuwa shi ke fito da kunama, don haka a riƙa kakkaɓe takalman yara da tabarma kafin a kwanta a tsakar gida. A tuna wa maigida da yaɓe da indararo tun katanga ba ta jiƙa ba. A kife tsofaffin gwangwanaye da tayoyi, domin a ruwan da ya kwanta cikinsu sauro ke hayayyafa. A fito da gidan sauro a ɗinke inda ya yage, musamman na mai juna biyu.

Idan damina ta kankama, ma'aikatan lafiya kan bi gida-gida wata-wata da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro na yara 'yan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5. Su kan ba da na ranar farko, na kwana biyun da suka rage a hannunki yake. Kada ki ajiye shi a kan kwaba ki manta.