Kada Mu Yar Da Fensir Don Mun Sami Kwamfuta

Ina godiya ga kwamitin wannan littafi na shekara da suka ba ni fili in yi magana a kan wani al'amari da ya shafi ɗalibanmu masu baiwar zane, da iyayensu, da mu malamansu. Al'amarin shi ne yadda ake ɗaukar zanen da aka yi da hannu a takarda a mai da shi zanen kwamfuta irin wanda ake kira bekta. Ra'ayina a taƙaice shi ne, duk ɗalibin da ke son zane ya kamata ya koyi wannan aiki kafin ya bar makaranta, amma tilas hannunsa ya fara faɗawa da fensir tukuna.

Bari mu fara da ma'anar kalmar. Kwamfuta tana ajiye hoto ta hanya biyu. Hanya ta farko ita ce ta ɗige-ɗige. Hoton da waya ta ɗauka, ko takardar da aka sa a sikana, tarin ƙananan murabba'ai ne masu launi da ake kira fiksel. Idan aka kwafi takarda mai girman A4 a kan ɗigo 300 a kowane inci, za a sami ɗigo 2,480 a faɗi da 3,508 a tsawo, wato sama da miliyan 8 da rabi. Duk da yawan nan, idan aka ja hoton ya kai girman bango, ɗigon ba ya ƙaruwa, kumbura kawai yake yi. Shi ya sa sau da yawa mukan ga bajon makaranta ko tambarin ƙungiya a kyallen sanarwa ya fito dishi-dishi, gefensa kamar haƙoran zarto.

Hanya ta biyu ita ce bekta. A nan umarni kwamfuta take ajiyewa: fara daga nan, lanƙwasa ta can, tsaya a wuri kaza, cika ciki da kore. Ɗalibin da ya taɓa sa ɗigo a takardar giraf bisa ga x da y ya riga ya san tushen abin. Idan ka san tsakiyar da'ira da nisan gefenta daga tsakiyar, za ka iya zana ta a kan kwabo, za ka iya zana ta a filin ƙwallo, kuma duka biyun su fita sumul. Haka zanen bekta yake. Fayil ɗaya zai yi hatimi, ya yi bajon aljihun riga, ya yi allon ƙofar makaranta, ba tare da layinsa ya lalace ba.

Wannan dabara ta girmi yawancinmu. Masu ƙera motoci a Faransa ne suka buɗe hanyar, domin suna neman yadda za su bayyana wa inji lanƙwasar jikin mota da lissafi. Paul de Casteljau ya yi aikin a kamfanin Citroën a 1959, Pierre Bézier kuma ya yi nasa a Renault cikin shekarun 1960, kuma sunan Bézier ne ya bi layin har yau. Layin da aka fi amfani da shi yana da ɗigo huɗu kacal: biyu su ne farkonsa da ƙarshensa, biyu kuma hannuwa ne da ake ja don a tanƙwara shi, kamar yadda maharbi ke tanƙwara baka. A 1963 Ivan Sutherland ya nuna a Amurka cewa mutum zai iya zane kai tsaye a fuskar kwamfuta da manhajarsa mai suna Sketchpad. Daga baya Adobe Illustrator ta fito a 1987, CorelDRAW a 1989, Inkscape kuma a 2003. Ko haruffan da kuke karantawa a wannan shafi zanen bekta ne. Lanƙwasar da ke kan ƙ da ɗ da ɓ, wadda a zamanin tafireta akan ƙara da biro ko a bar ta gaba ɗaya, sai da wani ya zauna ya zana ta kafin kwamfuta ta iya bugawa.

To, yaya ake mai da zanen hannu bekta? Da farko a yi zanen da fensir har sai ya kwanta wa mai shi a rai. Sa'an nan a bi layukan da baƙar tawada, a goge fensirin, a tabbata kowane siffa ta rufe, domin inda aka bar ƙofa launi ba zai zauna daidai ba. Sai a sa takardar a sikana. In babu sikana waya ma ta isa, muddin an shimfiɗa takardar sosai, an ɗauka da hasken rana, wayar tana bisa kanta daidai ba a karkace ba, kuma babu inuwar hannu. Bayan an shigar da hoton cikin manhaja, hanya ta rabu biyu. Ko dai a danna maɓalli kwamfuta ta bi layukan da kanta, ko kuwa mai zanen ya kulle hoton a ƙasa, ya bi shi layi bayan layi da alƙalamin manhajar, kamar yadda muke ɗora takarda mai shara-shara a kan taswira mu kwafa.

A nan ne gardamata take. Yawancin yara maɓallin suke so, domin cikin daƙiƙa kaɗan aiki ya fito. Ba na cewa maɓallin ba shi da amfani. Ga zane baƙi da fari mai tsabta yakan yi ƙoƙari, kuma yana rage wahala. Amma kwamfuta ba ta san abin da mai zane ya nufa ba, abin da ta gani kawai take bi. Rawar hannu, da ɗigon tawada, da dattin takarda, duk za ta ɗauke su a matsayin zane. Da'irar da gwani zai yi da ɗigo huɗu, maɓalli zai iya cika ta da ɗigo barkatai, kuma ranar da aka ce a gyara ta sai an sha wuya. Shi kuwa mai bi da hannu, a kowane layi sai ya yanke shawara. Ina layin ya juya? Ina ya fi tudu? Wannan karkatar da gangan aka yi ta, ko hannu ne ya zame? Wanda bai saba kallon abu da kyau ya zana shi ba, ba zai iya amsa waɗannan tambayoyi ba, ko da an ba shi kwamfuta mafi tsada. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ido da hannu kuma a takarda ake horar da su.

Na san akwai masu cewa zamanin wannan wahala ya wuce, tun da yanzu akwai manhajojin ƙirƙirarriyar basira da za ka rubuta musu abin da kake so su zana maka, har Illustrator ma ta sami irin wannan a 2023. Gaskiya ne suna da sauri. Sai dai abin da suke fitarwa daga tarin hotunan da aka horar da su a kai yake fitowa, don haka sau da yawa yakan yi kama da na kowa. Bugu da ƙari, in mai aiki ya ce a rage wannan reshe, a buɗe littafin da ke tsakiyar bajon, a mai da launi uku su zama biyu saboda kuɗin bugu, wa zai yi gyaran? Sai wanda ya san layi. Mu tuna kuma cewa manyan alamun da muka sani daga tunanin mutum da hannunsa suka fito. Tutar Nijeriya, Michael Taiwo Akinkunmi ne ya zana ta yana ɗalibi a Landan, aka zaɓe ta a 1959. Alamar Nike, wata ɗaliba ce mai suna Carolyn Davidson ta zana ta a 1971, aka biya ta dala 35. Dukansu biyu ɗalibai ne, kuma babu wanda ya yi aikinsa da irin manhajojin da muke da su yau.

Akwai kuma iyaye, har da wasu malamai, da ke ganin zane wasan yara ne da ɓata takarda. Ina roƙonsu su leƙa shagunan bugu na garinmu. Injin da ke yanka sitika da haruffan leda layi yake bi, in ba a ba shi bekta ba, ba shi da abin yankawa. Mai buga rubutu a riga yana bukatar a raba masa kowane launi daban, abin da ke da sauƙi ƙwarai a bekta. Katin aure, kalandar ƙungiya, rigunan gasar wasanni, bajon ƙungiyar mawaƙa, atamfar zumuntar mata, duk sai an sami mai zane. Masu danna maɓalli sun yi yawa a kasuwa. Wanda ake nema shi ne wanda zai saurari mai aiki, ya zana masa abin a takarda nan take, in an yarda ya mai da shi fayil mai tsabta. Yaron da ya iya wannan ba zai zauna hannu rabbana yana jiran sakamakon jarrabawa ko gurbin jami'a ba.

Dalili na ƙarshe ya fi kuɗi nauyi. Muna da zane-zanen gado masu yawa: aska biyu da aska takwas na babbar riga, dagi, adon bangon gidajen ƙasa na Zariya da Kano da Damagaram, zanen ƙwarya, da na dukawa a kan fata. Galibinsu a hannun dattawa suke, gidajen ƙasa kuma damina tana cin su kowace shekara. Ɗalibin da ya zauna gaban gwani ya kwafi zanen a takarda, ya tambayi sunansa da inda ake sa shi, sa'an nan ya mai da shi bekta, ya adana abin da ba zai koɗe ba. Amma a yi hattara. Fayil yana da sauƙin kwafa fiye da takarda, saboda haka a nemi izinin mai zanen, a rubuta sunansa a jikin aikin, in kuma an sami riba a tuna da shi. Ɗaukar zanen wani a intanet a bi layinsa a ce nawa ne, sata ce, ko da babu wanda ya gani.

Wani zai ce ina kuɗin duk wannan, ga tsadar manhaja ga matsalar wuta? Inkscape kyauta ce, ba a biyan ko sisi, kuma tana ajiye aiki a tsarin SVG wanda aka amince da shi tun 2001, wanda manyan manhajojin zane ke iya buɗewa. Game da wuta kuwa, rabin aikin ba ya bukatar ta. Ranar da babu wuta a yi zane da shafa tawada, ranar da ta zo a hau kwamfuta.

Saboda haka ga shawarwarina. Ga hukumar makaranta, a haɗa malamin zane da na kwamfuta da na lissafi su tsara darasi ɗaya tare, ko da a ƙungiyar bayan tashi ne. Aikin farko ya zama bajon makarantarmu: a zana shi da kyau sau ɗaya, a tsai da launukansa, a ajiye fayil ɗin a ofis, domin kada kowane mai bugu ya riƙa fito mana da irin nasa. Ga iyaye, in kun ga yaro yana cika bayan littafinsa da zane, ku saya masa littafin zane na musamman, ku kuma sa ido kada ya saki sauran darussa.

Ga ku ɗalibai, ku riƙa zane kullum, ko na minti goma ne. Ku zana ganye, da buta, da hannunku na hagu. In kun hau kwamfuta ku yi ƙoƙari ku gama kowane layi da ɗigo kaɗan iyakar iyawa, domin ƙarancin ɗigo shi ke sa layi santsi. Kafin ku kai aiki wurin mai bugu ku mai da haruffan su zama zane, don kada kwamfutarsa ta rasa irin rubutunku ta cinye muku lanƙwasar ƙ da ɗ. Kada kuma ku yar da takardar asali bayan an gama, ku rubuta kwanan wata ku adana, ita ce shaidar cewa aikin naku ne.

Ina yi wa 'yan ajin ƙarshe fatan alheri a duk inda suka nufa. Allah ya sa albarka a aikin hannuwanku.