Sanarwar bayan taron makaɗa, mawaƙa da ƴan wasan kwaikwayo na Tebaram

Mu makaɗa, mawaƙa, maroƙa da ƴan wasan kwaikwayo na Tebaram, cikin jihar Tawa, mun zauna a kan magana ɗaya: asarar da annobar korona ta jawo wa sana'armu, wadda har yau ba mu ga an zo ƙauyukanmu an ƙidaya ta ba.

Taro ya tuna cewa ranar 17 ga Maris 2020 shugaba Mahamadou Issoufou ya bayyana matakan taƙaita taron jama'a da rufe iyakoki, kwana biyu kafin a samu mutum na farko da ya kamu a Yamai. An buɗe masallatai ranar 13 ga Mayu, amma iyakokin ƙasa sai watan Yunin 2021. Wannan jinkiri shi ya karya mu. Kowa ya san yankinmu na Adar, kuɗin biki daga ci-rani yake zuwa, daga Abijan, Libiya da Aljeriya. Saurayi bai dawo ba, ba a ɗaura aure ba, makaɗi bai fita ba. Wani dattijo cikinmu ya ce kalangunsa ya daɗe a rataye cikin zaure har ɓera ya cinye fatar, kuma da aka fara kiransa biki, jikar gyara ma sai da ya ranta. Yaransa biyu masu amshi sun bi motar Agadas, ba su dawo ba.

An karanta mana ƙiyasin UNESCO cewa ayyukan yi miliyan 10 suka salwanta a fannin al'adu a duniya cikin 2020 kaɗai. Taro bai musa ba, sai dai ya lura cewa irin wannan lissafi mai takarda yake gani: gidan sinima, zauren wasa, ƙungiya mai asusun banki. Mu kuwa, wa ya taɓa ba makaɗi rasit a filin kokowa?

Don haka taro yana roƙon ma'aikatar da ke kula da al'adu ta gudanar da bincike na musamman, ta turo ma'aikatanta su bi ƙauye-ƙauye da ruga-ruga, su yi tambaya da Hausa da Tamashek da Fulatanci. A saka zabiyoyi da masu kiɗan ƙwarya a ciki, don an cika mantawa da mata. In kuma tallafi ya biyo baya, kada ya ƙare a Yamai.

Ɓangarenmu ma akwai laifi: da yawanmu ba su da rajista da hukumar kare haƙƙin mawallafa, BNDA. An naɗa mutum uku su rubuta sunan kowa, da irin kiɗansa, da garinsu.

Duk wanda bai halarci taro ba, ya nemi sakatare ranar kasuwa, ya taho da katin ɗan ƙasa.

Sa hannu: Sakatare, a madadin mahalarta taro.