Jirgin Maraɗi na tafe, me za mu loda masa?

Duk wanda ya ratsa GRA a 'yan shekarun nan ya ga inda kuɗin Katsina ke tafiya: dogayen katangu, ga plaza, ga otal, ga ɗakin taron biki. Masha Allah, ba hassada nake ba. Amma a ganina wannan ajiyar kuɗi ce, ba zuba jari ba. Gidan miliyoyi, in magina sun tashi, mutum nawa yake ba aiki? Maigadi da mai shara, shi ke nan.

Tun Fabrairun 2021 aka ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, ta Daura, Katsina da Jibiya. Ranar da jirgin ya fara tsayawa a garin nan, kayan wa zai ɗauka? Audugar Funtua da riɗi da fatu, yawanci ɗanye suke fita, a sarrafa su can wani wuri, a dawo mana da su da tsada. In aka ci gaba a haka, jirgin zai sauke mana kayan Kano da na Sin ya wuce, mu tasha ce kawai.

Na san alhazanmu za su ce babu wuta, babu tsaro. Gaskiya ne, kuma wannan haƙƙin gwamnati ne. To amma ƙaramin injin matse man gyaɗa ko riɗi, har da solarsa, bai kai kuɗin plaza ɗaya ba, kuma a makarantar nan akwai ɗaliban injiniyanci da za su iya riƙe shi. A yanzu dai, da yawanmu muna karɓar diploma, sana'ar POS ce ke jiranmu a bakin titi.