TSAKAR GIDA: Ranar Da Umma Ta Cika Hamsin A Alƙahira

Wata 'yar'uwa ce ta rubuto tana tambayata wai ko ya dace ta shirya wa mahaifiyarta bikin zagayowar ranar haihuwa, don maigidanta ya ce almubazzaranci ne. To 'yar'uwa, maganar hukunci dai ta malamai ce, a je a tambaye su. Ni labarin abin da ya same ni zan ba ki, in kin ji sai ki auna.

A ƙarshen shekarar 2022 muka kai Umma Misra aka yi mata aikin yanar ido, ni da Yayana da ke karatu a Azhar muke jinyarta. Allah ya sa an dace, likita ya ce ta riƙa ɗan fita amma da baƙin tabarau. Ina riƙe da fasfonta sai idona ya kai kan ranar haihuwa, 1 ga Janairu 1973. Na yi dariya na ce, "Umma ke ma irin ta masu cike takarda aka sa miki?" Don kun san duk wanda bai san ranarsa ba ɗaya ga wata ɗaya ake danƙara masa. Ta ce, "A'a, tawa gaskiya ce. Ranar da aka daina fam da sule aka koma naira da kwabo aka haife ni, ranar Litinin." Daga nan ta tsuke bakinta.

Ni kuwa da rawar kai sai na ja Yaya gefe na ce ai jibi Umma za ta cika hamsin cif, wallahi sai mun yi mata wani abu. Na sa ya yo odar kek a ɓoye, har da kyandir.

Ranar Lahadi da sassafe muka fita, ga sanyi kamar na tsakiyar hunturun Kano. Muka fara da Giza wajen dalar Fir'aunoni. Kai jama'a, gani ya kori ji! Babbar cikinsu ta sarki Kufu ce, ta kai wajen shekara 4,500, tsayinta na asali kimanin mita 146, kuma dutse sama da miliyan 2 aka jera. Umma ta ɗaga kai ta daɗe tana kallo, can ta ce, "Duk wannan kabarin mutum ɗaya? Allah sarki, waɗanda suka ɗauko duwatsun fa, wa ya san nasu?" Masu raƙuma suka yi ta binmu, ta ce ita da girmanta ba ta hawa, idon da aka gyara ma ya ishe ta godiya.

Daga nan muka dawo cikin gari muka yi azahar a masallacin Azhar, wanda aka gama gininsa a shekarar 972, fiye da shekara dubu ke nan ana karatu a cikinsa. Yaya ya ce tun zamanin da ɗaliban ƙasar Barno suna da masaukinsu a nan. Muka tsallaka kasuwar Khan Khalili kusa da masallacin Husaini, lungu-lungu kamar Kurmi. Nan Umma ta nuna mana ita 'yar Kano ce, ba ta jin Larabci ban da na salla, amma da yatsu ta yi ciniki har mai mayafai ya dafe kai. Aka kawo mana wani jan shayi mai zafi wai karkade, ta kurɓa ta ce, "Yo wannan ai zoɓo ne aka canja masa suna."

Da yamma muka shiga irin ƙaramin jirgin ruwan nan mai filafilai a Kogin Nilu. Muna tsakiyar ruwa na fito da kek ɗina ina murmushi, na ce, "Umma barka da cika shekara hamsin." Wallahi 'yan'uwa sai na ga fuskarta ta sauya. Ta ce, "Mayar da shi." Na ce, "Haba Umma, don Allah..." Ta ce, "Na ce ki mayar." Jikina ya yi sanyi, har na fara ƙunƙuni a raina ina cewa su dai tsofaffi ba a iya musu.

Mun yi shiru mai tsawo, sai ta tambayi Yaya, "Wannan ne kogin da mahaifiyar Annabi Musa ta sa ɗanta?" Ya ce haka malamai suka faɗa. Sai ga hawaye ta ƙarƙashin tabarau. Ta ce, "Ita Allah ya mayar mata da nata ta shayar da shi. Tawa uwar ko nono ba ta ba ni ba. Da hantsi ta haife ni, jini ya ɓalle, kafin la'asar an kai ta. Wadda kuke kira Kaka ƙanwarta ce, ita ta goya ni. Kowa na murnar sabon kuɗi, gidanmu ana zaman makoki. To ki gaya min, wace ranar zan yi wa biki?"

Na rasa inda zan sa kaina don kunya. Shekara ashirin da ɗoriya ina cin tuwon matar nan, na rubuta littattafai a kan uwaye da marayu, amma ban taɓa zama na ce Umma ba ni labarinki ba. Ashe marainiya ce ta raine ni. Na durƙusa a cikin jirgin na ce ta yafe min. Ta dafa kaina ta ce, "Ba ki yi laifi ba, ba ki sani ba ne. Ni ma yau na fara faɗa."

Da muka sauka ita da kanta ta ce a yanka kek ɗin a ba mai jirgi da yaran da ke sayar da tishu a bakin ruwa, sadaka ga mahaifiyarta. Kyandir kuwa yana nan a jakata har yau. Muka yi magariba, muka yi wa marigayiya addu'a, sannan Yaya ya kai mu muka ci koshari, wato shinkafa da taliya da adas da soyayyiyar albasa. Ya ƙara mana da wani zaƙi na madara da ake kira Ummu Ali. Da aka fassara mata sunan ta yi dariya ta ce, "To Allah ya yi wa Uwar Ali albarka, ta iya girki." Wannan dariyar ita ce bikin da muka yi.

Don haka 'yar'uwa mai tambaya, kafin ki kira mai kek da mai hoto, fara zuwa ki zauna a gaban tsohuwarki ki tambaye ta abin da take so. Wata zani take so, wata a kai ta ta ga 'yan'uwanta a ƙauye, wata kuwa so take kawai a saurare ta. Sau da yawa bikin da muke cewa na iyaye namu ne, mu ke son a gani a yaba. Mu kuma tun daga 2023, duk 1 ga Janairu abinci muke dafawa a gidanmu a raba sadaka, Umma na zaune tana ba jikoki labarin uwar da ba ta taɓa gani ba.

Allah ya ji ƙan iyayenmu da suka riga mu, waɗanda ke raye ya ba mu ikon kyautata musu, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu. Taku har kullum.