Faɗawa Teku Daga Jiragen Shaƙatawa: Jinkiri Ne Ke Kisa

A ranar Laraba, 23 ga watan Nuwamba na shekarar 2022, wani jirgin ruwa na yawon shaƙatawa mai suna Carnival Valor ya baro birnin New Orleans na ƙasar Amurka, ya nufi tsibirin Cozumel na ƙasar Meziko. Da misalin ƙarfe 11 na dare, wani saurayi ɗan shekara 28 ya rabu da 'yar'uwarsa a cikin jirgin, bai kuwa sake dawowa ba. Sai wajen tsakar ranar Alhamis aka sanar da ma'aikatan jirgin cewa ba a gan shi ba. Aka yi ta cigiya ta lasifika, aka duba ɗakuna, sa'an nan aka kira dakarun tsaron gaɓar teku na Amurka. Bayan ƙarfe 8 na daren Alhamis ma'aikatan wani jirgin dakon kaya suka hango shi yana fafutuka a cikin ruwa, jirgin sama mai saukar ungulu ya zo ya ciro shi da sauran numfashi, bayan ya shafe fiye da sa'o'i 15 a teku.

Jaridu sun ɗauki labarin a matsayin abin al'ajabi, kuma lalle abin al'ajabi ne. Amma akwai tambayar da ta fi cancanta a yi. Ta yaya mutum zai faɗo daga jirgin da ke cike da kyamarori da na'urori na zamani, jirgin ya yi ta tafiya har rabin yini, ba wanda ya sani?

Irin waɗannan jirage garuruwa ne masu yawo a kan ruwa. Alal misali, jirgin Icon of the Seas da ya fara aiki a shekarar 2024 yana da tsawon mita 365 da hawa 20, kuma yana iya ɗaukar fasinjoji 7,600 ban da ma'aikata. Wani rahoto da ƙungiyar kamfanonin waɗannan jirage, wato CLIA, ta fitar ya nuna cewa daga shekarar 2009 zuwa 2019 an sami faɗawa teku har sau 212, kuma mutum 48 kacal aka ceto da rai. Wato a cikin kowane mutum huɗu da suka faɗa, da ƙyar ɗaya ke komawa gida.

Abin da ke samun jikin mutum

Domin a fahimci dalilin wannan asara, sai a koma ga darasin kimiyyar lissafin motsi da ake koyarwa a makarantun sakandare. Duk abin da ya faɗo daga sama, gudunsa yana ƙaruwa da kimanin mita 9.8 cikin daƙiƙa, a kowace daƙiƙa. Mutumin da ya faɗo daga hawa mai tsayin mita 30 zai iske ruwa cikin daƙiƙa biyu da rabi, da gudun da ya kai kilomita 87 cikin sa'a. A irin wannan gudu ruwa ba ya samun zarafin darewa, don haka yakan daki jiki tamkar daɓe. Haƙarƙari na iya karyewa, mutum na iya suma, wanda kuwa ya suma a cikin ruwa ba ya daɗewa.

Wanda ya tsira daga dukan ruwa, sanyi na jiransa. Zafin jikin ɗan Adam digiri 37 ne a ma'aunin Selsiyos, kuma da zarar ya sauka ƙasa da digiri 35 gaɓoɓi sukan fara gazawa. Ruwa yana janye ɗumin jiki kimanin sau 25 fiye da iska. Farfesa Gordon Giesbrecht na Jami'ar Manitoba da ke Kanada ya taƙaita abin da ke faruwa a ruwa mai tsananin sanyi da lambobi uku: 1, 10, 1. A minti ɗaya na farko mutum yakan zabura ya ja numfashi ba da son ransa ba, idan kuwa kansa na ƙarƙashin ruwa a wannan lokaci, ruwan zai shaƙa. Idan ya wuce wannan, yana da kimanin minti 10 kafin hannuwa da ƙafafu su sandare har ya kasa riƙe igiyar da aka jefa masa. Bayan haka yana da kimanin sa'a ɗaya kafin sanyi ya gusar da hankalinsa, muddin akwai abin da ke riƙe da shi a saman ruwa. Saurayin da aka ambata a farko ya rayu ne domin ruwan Mashigin Meziko yana da ɗan ɗumi a wannan lokaci. Da a arewacin Tekun Atilantika ya faɗa, da labarin ya sha bamban.

Lissafin nema

Jirgin shaƙatawa yakan yi tafiyar kilomita 37 cikin sa'a, wato fiye da mita 600 a kowane minti. Ba shi da birki irin na mota, kuma saboda nauyinsa yakan ɗauki mintoci da yawa kafin ya tsaya. Matuƙa suna da dabarun komawa baya, wadda ta fi shahara ita ce juyin Williamson, da aka raɗa wa sunan wani hafsan sojan ruwan Amurka da ya yi amfani da ita a shekarar 1943. Matuƙi yakan karya akalar jirgi gaba ɗaya zuwa ɓangaren da mutumin ya faɗa, idan jirgin ya kauce digiri 60 daga hanyarsa sai ya karya ta zuwa ɗaya ɓangaren, har jirgin ya zagayo ya hau sawun da ya baro. Dabarar tana da kyau ƙwarai, sai dai ba ta gaya wa matuƙi inda zai tsaya a kan wannan sawu.

Ga lissafin da kowane ɗalibi zai iya yi a kan allo. A ɗauka cewa an yi sa'o'i 10 ba a san mutum ya faɗa ba. Jirgin ya ci kilomita 370, tafiyar da ta fi nisan Kano zuwa Kaduna. A ɗauka kuma igiyar ruwa na jan mutumin kilomita 2 cikin sa'a, to yana iya kasancewa kilomita 20 dama ko hagu da sawun jirgin. Filin nema ya zama kilomita 370 sau 40, wato murabba'in kilomita 14,800, kusan kashi uku cikin huɗu na faɗin Jihar Kano. Abin da ake nema a cikin wannan fili kuwa kan mutum ne, wanda bai fi ƙwaryar fura girma ba, yana ɓulla yana nutsewa tsakanin raƙuman ruwa. To amma idan an san lokacin faɗuwar nan take, kwale-kwalen ceto ya isa cikin minti 20, filin nema bai kai murabba'in kilomita 2 ba.

Abubuwan da suka faru sun gaskata wannan lissafi. A watan Yuni na shekarar 2025 wata yarinya 'yar shekara 5 ta faɗo daga jirgin Disney Dream a kan hanyarsa daga Bahamas zuwa Florida, mahaifinta ya yi tsalle ya bi ta. Da rana ne, mutane sun gani, aka buga ƙararrawa, cikin kimanin minti 20 aka ciro su duka biyu da rai. A watan Agusta na shekarar 2018 wata mata 'yar Ingila ta faɗo daga jirgin Norwegian Star a Tekun Adiriyatik da tsakar dare. Hoton kyamarar jirgin ya nuna lokacin da ta faɗa, masu ceto na ƙasar Kuroshiya suka lissafa wurin, suka same ta da rai bayan sa'o'i 10.

Ƙofar da doka ta bari a buɗe

A shekarar 2010 majalisar dokokin Amurka ta yi doka a kan tsaron jiragen shaƙatawa da ke ɗauka ko sauke fasinjoji a tashoshinta. Dokar ta wajabta shingen ƙarfe mai tsayin inci 42, wato kimanin santimita 107, a gefen kowane hawa. Ta kuma nemi a sa na'urar da za ta ɗauki hoton wanda ya faɗa teku ko ta gano faɗuwarsa, gwargwadon samuwar irin wannan na'ura. Kalmar "ko" da sharaɗin "samuwa" su ne suka raunana dokar, domin kamfani na iya cika ta da kyamarar tsaro ta yau da kullum. Ita kuwa irin wannan kyamara shaida ce kawai, ba ta yin kururuwa. Sai an rasa mutum sa'an nan a zauna a bi hotunan sa'o'i da yawa ana neman inda ya faɗa, jirgi kuwa na ta ƙara nisa.

Na'urar da ke yin kururuwa ta samu tun da daɗewa. Tana haɗa kyamara mai ganin ɗumin jiki da na'urar rada da kwamfuta, ta yadda duk abin da ya faɗo ta gefen jirgi za a auna girmansa da ɗuminsa da gudunsa. Idan ya yi kama da mutum, ƙararrawa za ta kaɗa a ɗakin matuƙi cikin daƙiƙoƙi, a kuma rubuta ainihin wurin da taimakon tauraron ɗan Adam. Kamfanin MSC ya sa irinta a jirginsa Meraviglia a shekarar 2017. A shekarar 2020 Hukumar Daidaita Ma'aunai ta Duniya ta fitar da ƙa'ida mai lamba ISO 21195 wadda ta bayyana yadda za a gwada ingancin waɗannan na'urori. Saboda haka hujjar rashin samuwa ta riga ta faɗi.

Hujjojin masu ja

Masu kare kamfanoni suna da hujjoji, kuma adalci ne a saurare su. Ta farko ita ce mutum ba ya faɗawa teku haka kawai. Wannan gaskiya ce, kimiyya ma ta goyi bayanta: cibiyar nauyin jikin baligi mai matsakaicin tsayi tana kusa da cibiyarsa, ƙasa da santimita 107, don haka santsi ko tangaɗin jirgi da wuya su jefa shi ta saman shinge. Galibin waɗanda suka faɗa sun hau shingen ne, wasu cikin maye, wasu don ɗaukar hoto, wasu kuma da niyyar halaka kansu. Sai a ce kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Amma yarinya 'yar shekara 5 ba ta san haɗari ba. Mai ciwon damuwa majinyaci ne da ke bukatar taimako. Shi kuma mashayi, sau da yawa jirgin ne ya sayar masa da giyar, domin kamfanoni da dama suna sayar da tikitin sha na yini guda a kan kuɗi ƙayyadadde, alhali an san giya tana ɓata ma'aunin daidaiton jiki, tana kuma gaggauta fitar ɗumi a cikin ruwa. Wanda ya ci ribar kwalba bai kamata ya wanke hannunsa daga abin da kwalbar ta haifar ba. Bugu da ƙari, dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta shekarar 1982 ta ɗora wa kowane kyaftin nauyin taimakon duk wanda aka samu cikin haɗari a teku, ba ta ce sai marar laifi ba.

Hujja ta biyu ita ce ƙararrawar ƙarya. Tsuntsu ko feshin ruwa ko kujerar da iska ta kwasa na iya tayar da na'ura, a juya ƙaton jirgi a banza. Wannan matsala ce ta gaske, amma maganinta na cikin na'urar kanta, domin takan nuna wa jami'in da ke bakin aiki hoton daƙiƙoƙin da suka wuce, ya duba da idonsa kafin a taɓa akala. Hasali ma ƙa'idar shekarar 2020 ta ƙayyade yawan kuskuren da za a lamunta.

Hujja ta uku ita ce ƙarancin adadi. A shekarar 2019 kaɗai kusan mutum miliyan 30 suka yi irin wannan tafiya, saboda haka faɗuwa 212 cikin shekara 11 ba ta taka kara ta karya ba. To, gobara ma ba kullum take tashi a jirgi ba, amma doka ta wajabta na'urar gano hayaƙi a ɗakunan kwana, ba a kuwa taɓa jin kamfanin da ya ce a cire ta don ƙarancin gobara ba. Jirgin da aka kashe fiye da dala biliyan ɗaya wajen ƙera shi, har da wuraren ninƙaya da gidajen wasa, bai dace a ce kuɗin na'urar ceton rai ne ya gagare shi ba.

Abin da ya kamata a yi

Tarihin tsaron teku ya nuna cewa doka takan zo ne a bayan gawa. Jirgin Titanic ya nutse a watan Afrilu na shekarar 1912 da kwale-kwalen ceto 20 kacal, waɗanda ba za su ɗauki fiye da rabin mutanen da ke ciki ba sai da kaɗan, mutum kimanin 1,500 suka halaka, sa'an nan aka ƙulla yarjejeniyar kare rayuka a teku, wato SOLAS, a shekarar 1914. Jirgin Costa Concordia ya daki dutse kusa da tsibirin Giglio na Italiya a ranar 13 ga watan Janairu na shekarar 2012, mutum 32 suka mutu, ɗaruruwan fasinjojin da suka hau a ranar kuwa ba a riga an koya musu matakan tsira ba. Daga shekarar 2015 aka wajabta yin wannan atisaye kafin jirgi ya tashi ko da zarar ya tashi. Masu faɗawa teku ɗai-ɗai suke mutuwa, cikin dare, ba mai gani, shi ya sa mutuwarsu ba ta girgiza majalisu.

Galibin waɗannan jirage suna da rajista a ƙasashe irin su Bahamas da Panama da Malta, don haka dokar ƙasa guda ba ta isa ba. Kamata ya yi Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Ruwa ta Duniya, wato IMO, mai hedikwata a Landan, ta shigar da na'urar gano faɗuwa cikin yarjejeniyar SOLAS, ta zama wajibi kamar kwale-kwale da rigar ceto. Kamata ya yi kuma a ƙayyade yawan giyar da ake sayar wa fasinja guda, a tilasta wa kamfanoni bayyana lokacin da kowace faɗuwa ta auku da lokacin da aka gano ta, domin tazarar da ke tsakanin biyun ita ce ma'aunin tsaron jirgi. Shi kuma fasinja, nasa nauyin a bayyane yake: kada ya hau shinge, kada ya ɗora yaro a kansa, idan kuwa ya ga wani ya faɗa, ya ɗaga murya, ya jefa masa abin da ke yawo a kan ruwa, ya ci gaba da nuna shi da yatsa ba tare da kawar da ido ba har ma'aikata su iso.