Girgizar Japan Da Darajar Awo Daga Sararin Samaniya

Ranar 11 ga Maris, 2011, ƙasa ta tsage a gabashin Japan, inda ɓawon ƙasan Tekun Fasifik ke nutsewa ƙarƙashin tsibiran. Hukumar yanayi ta fara ƙiyasta ƙarfin girgizar a maki 7.9, alhali ya kai 9.0, shi ya sa gargaɗin farko ya raina girman igiyar tsunami. Tashoshin GPS sama da 1,200 ne suka nuna gaskiyar tsagewar: gaɓar Oshika ta gusa mita 5.3. Daga baya Japan ta mayar da wannan awo na nan take.

Najeriya ba ta kan irin wannan mahaɗa, amma ƙasa ta motsa a Mpape cikin 2018. Wajibi ne masu tsara kasafi su riƙa tunawa da cibiyar NASRDA da ke Toro tun kafin buƙata ta taso.